Yadda Ake Gasa Dankalin Turawa a Eya-Firaya

Uwargida, na'urar eya-firaya, wadda kamfanin Philips ya fito da ita a 2010, ba cikin mai take soya abinci ba. Wata fanka ce a cikinta ke kaɗa iska mai zafi tana zagaye abin da aka zuba a kwandonta. Don haka abu biyu ne ke sa dankali ya yi kyau a cikinta: ya shiga a bushe, kuma ya samu sarari.

Ki nemi dankalin turawa rabin kilo, mai tauri, irin wanda ake kawowa daga Bokkos da Mangu a Jihar Filato. Duk inda kika ga ya yi kore ko ya fara tsiro, ki yanke wurin ki zubar, domin akwai guba a nan. Ki fere shi, ko ki wanke sosai ki bar ɓawon idan sabo ne. Sai ki yanka shi gida huɗu ko shida, girma ɗaya, don kada wani ya ƙone wani bai nuna ba.

Ki jiƙa shi a ruwan sanyi na minti 20 zuwa 30. Za ki ga ruwan ya yi fari. Sitacin da ke sa dankali danƙo ne ya fita. Ki tsame a matsami, ki baza a kan tsumma mai tsabta, ki goge shi tas. Wannan matakin shi ne wanda aka fi yi wa gaggawa, kuma shi ne ya fi muhimmanci. Dankalin da ya shiga da danshi turaruwa zai yi, ya fito da laushi.

Ki zuba shi a kwano, ki sa man gyaɗa babban cokali ɗaya da gishiri, ki cakuɗa da hannu har kowane yanki ya samu mai. Yajin ƙuli da ɗanyar tafarnuwa kuwa ki ajiye su tukuna, suna saurin ƙonewa su yi ɗaci.

Ki kunna na'urar a digiri 200 ta ɗumama na minti 3. Ki jera dankalin a kwandon ba tare da kin tula shi ba. Idan ya yi yawa, gara ki gasa sau biyu. Ki ba shi minti 20 zuwa 25, amma a minti na 10 ki zaro kwandon ki girgiza. Idan bayansa ya yi ja kuma cokali mai yatsu ya shige ciki ba gardama, ya yi. Ki juye, ki barbaɗa yajin da zafinsa.

Dankalin Hausa ma yana gasuwa haka, sai dai zaƙinsa na sa shi saurin ƙonewa, don haka ki rage wutar zuwa digiri 180 kina dubawa.

Ki kula da wutar lantarki: yawancin waɗannan na'urori suna jan fiye da wat 1,000, ƙaramin janareta ba ya ɗaukar su. Shi kuwa dankalin, ki kai shi teburi nan take a ci da miyar ƙwai, domin idan ya huce ko aka rufe shi a kula, laushi yake yi.