Abin da Littafin Awo Ke Nunawa Bayan Hari

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye a Zamfara. Idan 'yan bindiga suka shiga gari, ana ƙirga waɗanda aka kashe, da waɗanda aka ɗauke, da shanun da aka kora. Mu namu lissafin sai 'yan jaje sun watse yake farawa, kuma a littafin awo muke ganinsa.

Ko a maƙwabcin ƙauye aka kai harin, ranar awo ta gaba benci babu kowa. Rigakafin yara ya tsaya: allurar penta da ake yi a sati 6 da 10 da 14, sai yaro ya samu ɗaya, shi ke nan. Naƙuda kuwa ba ruwanta da dare, amma bayan magariba babu ɗan kabu-kabun da zai hau hanya, ko nawa za a ba shi. Matar da jini ya ɓalle wa bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin awa biyu. Ba za a sa sunanta cikin waɗanda 'yan bindiga suka kashe ba, alhali tsoronsu ne ya hana a kawo ta.

Shekarar 2021 ta fi yi mana nauyi. A Fabrairu aka kwashe ɗalibai mata 279 a Jangebe, a Satumba gwamnati ta katse layukan waya, ga kasuwannin mako a rufe. Ko kiran babban asibiti a ce ga mara lafiya nan tafe ya gagara.

Abin da ya fi damuna shi ne zargi. Tunda maganar infoma, wato masu kai wa 'yan bindiga rahoto, ta shigo, wanda ya sayi sabon babur ko aka ji yana waya a bayan gida sai a fara nuna shi da baki. Magidanci ya sayar da hatsi, ko ƙaninsa ba zai gaya wa ba. Saboda wannan zaman ɗar-ɗar, dattawa suna zuwa da bugun ƙirji da rashin barci, suna neman maganin zazzaɓi. A yi gwaji babu maleriya, a auna jini a tarar ya hau. Yaran da suka daina fitsarin kwance sun koma, da sun ji ƙarar babur sai su ruga ɗaka.

Magidanta, idan cikin iyalinku ya shiga wata tara, musamman wadda aka taɓa yi wa tiyata ko mai hawan jini, ku kai ta wurin dangi a garin da ke da babban asibiti tun kafin naƙuda. Iyaye mata, yaron da allura ta wuce shi ku kawo shi, daga inda ya tsaya za mu ci gaba. Wanda barci ya gagare shi ya zo da rana mu auna shi. Wanda kuma yake zargin wani, ya kai maganar ga mai gari ko jami'an tsaro, kada ya kai ta majalisar shayi.