Olive MacLeod: 'Yar Sarautar Sikotilan da Ta Rubuta Labarin Ƙabilunmu

Duk wanda ya nemi tarihin ƙabilun Arewa a ɗakin karatu zai ci karo da sunan Olive Temple. To, wace ce ita?

An haifi Olive MacLeod a shekarar 1880. Mahaifinta, Sir Reginald MacLeod, shi ne ya zama shugaba na 27 na zuriyar MacLeod, wadda fadarta ke Dunvegan a tsibirin Skye a ƙasar Sikotilan. Da ya rasu a 1935, yayarta Flora ce ta gaji sarautar, ta riƙe ta har zuwa 1976.

Baƙin ciki ne ya kawo Olive ƙasarmu. A 1910 aka kashe saurayinta, Boyd Alexander, kusa da Abeshe a ƙasar Cadi, aka binne shi a Maifoni, wato Maiduguri. Ta taso tun daga Ingila don ta ga kabarinsa, ta ratsa Nijeriya da Kamaru da Cadi, a kan doki da cikin kwalekwale. A 1912 ta buga littafin wannan tafiya, kuma ta auri Charles Temple, wanda ya zama Mataimakin Gwamna na Arewa daga 1914 zuwa 1917, shekarar da aka dawo da hedkwata daga Zungeru zuwa nan Kaduna.

Babban aikinta ya fito a 1919. Ta tattara rahotannin razdanoni da di'o-di'o, ta jera ƙabilun Arewa ɗaya bayan ɗaya, da al'adunsu na aure da noma da jana'iza. Ta rasu a 1936 a Sifen.

Mene ne darasinmu? Littafin yana da amfani ƙwarai, domin ya adana abubuwan da da sun ɓace. Amma mu lura, yawancin bayanan ta bakin tafinta aka same su. Shi ya sa za mu ga Gwari a maimakon Gbagyi, Kaje a maimakon Bajju, Katab a maimakon Atyap, Jaba a maimakon Ham. Baƙo ya rubuta abin da aka gaya masa, da sunan da maƙwabta suka laƙaba.

Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Saboda haka, ɗalibai, in mun je gida hutu, mu zauna da kakanninmu, mu tambaye su, mu rubuta abin da suka faɗa tun suna da rai. In ba mu yi ba, jikokinmu ma a littafin baƙi za su nemi labarinsu.