Iyayen Briketeri: Abin Da Za Ku Yi Da Wanda Ba Za Ku Yi Ba

Briketeri unguwar ciniki ce. Tela yana kan kekensa tun hantsi, mai atamfa yana auna yadi, mai tsire yana hura wuta da la'asar, mutanen Yawunde kuma suna kwararowa daga kowace kusurwa su ci nama. Albarka ce, babu musu. Amma wannan albarkar ita ke janye yaro daga aji, domin ɗan shekara 12 da ya saba jin kuɗi a aljihunsa, da wuya ya koma ya zauna a benci yana sauraron malami. Ga sharuɗɗa ga duk mai ɗa ko 'ya da suka isa makaranta. Ba lallashi zan yi ba.

A yi wa yaro takardar haihuwa tun naman suna bai ƙare ba. Wannan ne kan gaba. A karɓi shaidar haihuwa daga asibiti, a kai ofishin rajista na magajin garin Yawunde ta 2 da ke Tsinga, a fito da takarda mai hatimi. Wanda ya bari wa'adi ya wuce, sai ya bi ta kotu da shaidu da kuɗin tambura kafin alƙali ya ba shi hukuncin da zai maye gurbinta. Ana iya karɓar yaro a aji ɗaya ba takarda, sai iyaye su saki jiki. Ranar da ya kai ajin CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, aka zo tattara takardun jarrabawar CEP da ta shiga sakandare, ranar ake kuka, shekara shida na karatu sun tsaya cak a bakin ƙofa.

Kada a sayi takarda a hannun ɗan cuwa-cuwa. Kada a ba ƙane takardar wansa. Kada a rage wa yaro shekaru don wani lissafi na gobe. Kuma a duba yadda aka rubuta sunan kafin a bar ofis: in an sa Mouhamadou a takardar haihuwa, kada a bari makaranta ta rubuta Mohamadou, in Aïssatou ce kada ta koma Aïchatou. Harafi ɗaya ya isa ya hana mutum katin ɗan ƙasa ko fasfo bayan shekara ashirin.

A kai yaro makaranta ranar da aka buɗe, a farkon Satumba, ba tsakiyar Oktoba ba. Tun shekarar 2000 gwamnati ta soke kuɗin firamare a makarantunta, amma kowa ya san akwai kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, wato APEE, ga littattafai, ga kayan makaranta. Ba daga sama suke faɗowa ba, kowace shekara lokacinsu ɗaya. Maigida, in kana iya tanadin ragon layya wata uku kafin salla, kana iya tanadin wannan tun watan Yuni. Duk abin da ka biya, ka karɓi rasiɗi. Ka kuma sani dokar hukunta laifuka ta 2016, a sashe na 355-2, ta ɗora tarar sefa 50,000 zuwa 500,000 a kan uban da yake da hali ya ƙi sa ɗansa makaranta.

A je taron iyaye. "Ba na jin Faransanci" ba hujja ba ce. Mutumin da ke cinikin yadi da Ewondo da Bamileke daga safe har dare ba zai ce harshe ya hana shi magana da malamin ɗansa ba. In ya gagara, ka tafi da maƙwabci.

Kada a haɗa allo da boko faɗa. Yaro yana buƙatar duka biyun, lokaci kawai za a raba musu. Akwai bayan la'asar, akwai yammacin Laraba da ake tashi da wuri, akwai Asabar da Lahadi, akwai dogon hutu na Yuli da Agusta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tashe shi da asuba ya yi tilawa, ya wuni a aji, ya koma islamiyya, bayan isha'i kuma a tura shi tsaron shago har sha ɗayan dare, sa'an nan a yi mamakin ya faɗi jarrabawa. Yaron firamare yana buƙatar barcin awa 9 ko fiye. Wanda ya zaɓi makarantar da ta haɗa Faransanci da Larabci, ya tambaya tun farko: tana da izinin ma'aikatar ilimin firamare? Tana kai ɗalibanta jarrabawar gwamnati? In amsar ta zo da kame-kame, ya ɗauke ɗansa.

A yi Hausa a gida. Faransanci zai same shi a titi ko an so ko ba a so, Turanci kuma a nema masa da gangan, tunda Kamaru harsuna biyu take aiki da su. Amma yaron da kakarsa za ta gaishe shi ya amsa da Faransanci, laifin iyayensa ne. Mai Fulatanci a gida shi ma ya riƙe nasa. Kada kuma a koya wa yaro kiran abokan ajinsa da sunayen raini don ba addininmu ɗaya ba. Da su zai zauna jarrabawa, da su zai nemi aiki.

Kada a ɗora wa yarinya farantin talla a lokacin karatu. Wannan maganar ta uwargida ce, kuma na san amsar da za a ba ni: da ribar ake tara mata kayan ɗaki. Hajiya, ribar gyaɗa da dafaffen ƙwai ba ta kai abin da yarinya ke gamuwa da shi a lungunan kasuwar Mokolo da bakin tashoshi bayan magariba ba. In tilas ne a lokacin hutu, to da rana, kusa da gida, a idon babba. Kada kuma a cire ta daga aji don an kawo kuɗin gaisuwa. Sashe na 356 na dokar hukunta laifuka ya hukunta wanda ya aurar da yaro ko yarinya da ba su cika shekara 18 ba, amma ko ba doka, takardar BEPC ko ta Baccalauréat ba ta taɓa hana mace miji ba. Asibitocin da muke ƙorafin babu likita mace da za ta duba matanmu, daga ina muke so ta fito?

Namiji ya koyi ɗinki ko yankan nama ko gyaran waya, sana'a gadonmu ce. A hutu. Ba a madadin aji ba.

Kada a jera yara uku ko huɗu a bayan mashin ɗin haya don a rage kuɗin mota. In za a ɗauki mai mashin ya riƙa kai su, a san sunansa, a san gidansa. Ƙananan kuwa babba ya tsallakar da su titi, musamman wajen mahaɗar Warda. Daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin ruwa mai ƙarfi, a gargaɗe su kada su taka kwata in ta cika, kada su bi takalmi in ruwa ya ja shi.

A buɗe jakar yaro. Ba cin fuska ba ne, haƙƙin uba ne. Ƙwayar tramol ta shiga makarantun ƙasar nan, ba ta ware ɗan malam ba. A watan Janairun 2020 ɗalibi ya daɓa wa malaminsa na lissafi wuƙa a sakandaren gwamnati ta Nkolbisson, nan cikin Yawunde, malamin ya rasu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. In yaro ya fara barci ba ƙa'ida, ko ido ya yi ja, ko saurin fushi, ko kuɗi suna ɓata a ɗaki, kada a tsaya cewa sammu ne. A bincika abokansa, a kai shi asibiti. Shagunan cacar ƙwallo ma a sa musu ido. Waya kuma ba ta zuwa makaranta, ba ta kwana ƙarƙashin matashi. Ƙarfe tara ta dawo hannun uwa.

Kada a je makaranta da faɗa. Dokar ilimi ta 1998 ta hana dukan ɗalibi, don haka in malami ya wuce gona da iri, a kai ƙara wurin shugaban makaranta, da ladabi, ba a gaban yaron ba. A gida ma a rage bulala. Yaron da ake duka kan kowane sifili, abin da yake koya shi ne ɓoye takarda.

Zazzaɓi ba abin jira ba ne. A kwana cikin gidan sauro, a yi gwaji kafin a sha magani, kada a sayi ƙwayoyin da suka wuni a rana bisa tebur. In jiki ya yi tsanani, ga asibitin yara na gidauniyar Chantal Biya kusa da Babban Asibitin Yawunde. Masu jarirai su tambayi allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Kamaru ce ta fara sa ta cikin alluran yau da kullum, ranar 22 ga Janairun 2024. Yaro ya karya kumallo kafin ya fita, ya tafi da ruwan gida a gora, domin kwalara ta sha ziyartar garin nan.

A fitar da su su ga gari. Gidan namun daji na Mvog-Betsi, gidan tarihi na ƙasa da ke tsohuwar fadar shugaban ƙasa, ko lambun Sainte Anastasie da ake zuwa da ƙafa. Akwai yaran da aka haifa a Briketeri ba su san komai ba bayan Mokolo da Tsinga.

Sau uku a shekara ake ba da takardar sakamako. Alhaji, kada ka aiki ɗan shago ya karɓo, kada ka bar wa uwar yara ita kaɗai. Ka rufe shagon na awa ɗaya, ka je da ƙafarka, ka tambayi malami inda yaron yake da rauni, ka sa hannu da kanka.