Kalmomin Da Ya Kamata Mai Jinya Ya Sani

A ƙasarmu ta Funtua da Malumfashi, yawancin jinyar da ke daɗewa a gida ake yin ta, ba a asibiti ba. Tsoho mai shanyewar ɓarin jiki, ko mai tarin fuka, ko wanda ya karye a gona, 'ya'ya da jikoki ne ke kula da shi. Sau da yawa ɗalibi shi ne mai karanta takardar likita a gidan. Saboda haka ga wasu kalmomi da ma'anarsu.

1. Ƙwayar cuta. Halitta ce ƙarama wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kowace cuta mai yaɗuwa da irin ƙwayarta. Wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ne ya gano ta kuturta a 1873.

2. Hanyar yaɗuwa. Ita ce hanyar da ƙwayar ke bi ta shiga jikin mutum. Tarin fuka da ƙyanda ta iska suke bi, kwalara ta ruwa da abinci. Zazzaɓin Lassa kuwa, wanda aka gano a 1969 a jikin ma'aikatan jinya na mishan, ta fitsari da kashin ɓera yake zuwa. Don haka manomi ya lura da inda yake shanya masara, ya kuma rufe rumbunsa.

3. Lokacin ɓuya. Kwanakin da ke tsakanin shigar ƙwaya da bayyanar ciwo. Na kwalara bai wuce kwana 5 ba, amma na kuturta yakan kai shekara 5 ko fiye.

4. Mai ɗauke da cuta. Mutum ne mai lafiya a ido, amma ƙwayar na jikinsa, yana kuma ba wasu. Haka sanƙarau yake: mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayarsa a maƙogwaro ba su sani ba.

5. Annoba. Idan cuta ta kama mutane fiye da yadda aka saba, cikin ɗan lokaci. A 1996 sanƙarau ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, yawancinsu a Arewa. Da rani yake tasowa, musamman inda ake kwana a cunkushe. Ɗakin kwanan ɗalibai yana bukatar taga a buɗe.

6. Keɓewa da killacewa. A keɓe wanda ciwo ya bayyana a jikinsa. A killace wanda ya yi cuɗanya da shi har lokacin ɓuya ya wuce. Da Ebola ta shigo Legas a 2014, kwana 21 aka riƙa sa ido a kan waɗanda suka taɓa marasa lafiya. Keɓewa ba ƙyama ba ce. Ana kai wa mutum abinci, ana gaishe shi.

7. Rigakafi. Allura ko ɗigo da ke koya wa jiki yaƙi da ƙwaya tun kafin ta zo. An fara ba da sabuwar allurar sanƙarau mai suna MenAfriVac a Nijeriya a 2011.

8. Wanke hannu. A 1847 Likita Semmelweis ya nuna a birnin Biyana cewa mata masu jego sun rage mutuwa da likitoci suka fara wanke hannu. A yi shi da sabulu da ruwa mai zuba, kafin a taɓa mara lafiya da bayan an taɓa shi. Kowa ya tsoma hannu a kwano ɗaya ba wanki ba ne.

9. Jinya mai tsawo. Kula da wanda ba zai iya yi wa kansa wanka, ko ci, ko zagayawa ba, har watanni ko shekaru. Irin wannan aiki mishan na SIM suka yi wa masu kuturta a Babbar Ruga kusa da Katsina tun daga ƙarshen shekarun 1930. Yau wurin asibitin mata masu yoyon fitsari ne, kuturta kuma ana warkar da ita cikin wata 6 ko 12, mutum yana gidansa.

10. Gyambon kwanciya. Miki ne da ke fitowa a ƙugu, ko duwawu, ko diddige, domin nauyin jiki ya hana jini gudu. A juya mai kwanciya duk bayan awa 2, a kiyaye shimfiɗarsa a bushe. Idan fata ta yi ja ko ta yi duhu a wurin, a gaya wa ma'aikacin lafiya nan da nan.

Tambayoyi: Mene ne bambancin keɓewa da killacewa? Me ya sa mai ɗauke da cuta ya fi wuyar kiyayewa? In an bar maka kakanka mai kwanciya na yini guda, waɗanne abubuwa uku za ka fara yi? Ka rubuta amsoshinka, ka tattauna su da mutanen gida a lokacin hutu.