Darasi: Motsa Jiki da Masu Fama da Ƙwaya a Kurkuku

A ziyarar da nake kai wa fursunoni Musulmi a wani kurkuku a Ingila, na haɗu da wani matashi da ƙwayar Spice ta kusa halaka shi. Ya ce mini dare ne abokin gabarsa: ba barci, sai tunani da ƙishirwar ƙwaya. Da ya lizimci ɗakin motsa jiki, gajiya ta dawo masa da barci, damuwar ta ragu, har ya iya bibiyar maganinsa.

Motsa jiki haƙƙi ne na fursuna. Dokokin Mandela, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun tanadar wa wanda ba ya aiki a waje aƙalla awa ɗaya kullum a fili. A 2017 kuma aka fara gudun parkrun na kilomita 5 a kurkukun Haverigg, wasu gidajen yari suka bi sahu.

Sai dai gudu ba ya maye gurbin likita. Haɗari mafi girma yana cikin makonnin farko bayan saki, domin jiki ya manta da ƙwaya, adadin da aka saba sha a dā yana iya yin kisa.

Kiyaye rai da hankali na daga cikin manufofin shari'a. Saboda haka idan ɗanmu ya fito, kada kunya ta sa mu ɓoye shi a ɗaki. A samu wanda zai raka shi gudu ranar Asabar ta farko. Allah Ya shirya mana zuri'a.