Kasuwa da Gona a Cikin Aji: Nazarin Ayyukan Koyo na Yau da Kullum a Firamaren Ƙasar Gumel

Tsakure

Wannan muƙala ta dubi ayyukan da malami zai iya ɗora wa ɗaliban firamare a ƙananan hukumomi huɗu na Masarautar Gumel, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Manufarta ita ce nuna cewa yaron wannan yanki yana shigowa aji da ilimin lissafi da na muhalli cikin Hausa, kuma aikin aji mai amfani shi ne wanda ya fara daga wannan ilimi.

1.0 Gabatarwa

A 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a muhallinsa a shekarun farko na firamare. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida, shi ne hujjar da masana suka fi kafawa a kan haka. Sai dai muhawarar ta fi tsayawa a kan harshen da malami zai yi magana da shi. Abin da hannun yaro zai taɓa, da abin da zai ƙirga ko ya auna kafin a tashi, bai samu kulawa haka ba. A azuzuwa da dama da na zauna a wannan yanki, aikin yini bai wuce kwafar abin da ke kan allo da amshi ba, ko da kuwa da Hausa ake bayanin.

2.0 Lissafin Kasuwa

Kasuwar Maigatari tana ci ranar Alhamis, kuma tana haɗa fatake daga Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Malamai kan yi kukan cewa ranar aji yakan rage, domin wasu yaran sun tafi talla, wasu sun raka iyayensu kara. Kukan yana da tushe. Amma yaron da ya yini a kasuwa ya dawo da darasin da littafi bai tanada masa ba.

A ɗauki kuɗin sefa. Bahaushen Nijar yana ƙirga shi da dala, kowace dala kuwa faran 5 ce. Dala ashirin ita ce faran 100, dala ɗari faran 500, jaka kuma faran 1,000, wato dala ɗari biyu. Yaron da ya saba jin wannan ciniki ya riga ya san ninkawa da biyar, ko da bai taɓa jin sunan jadawalin sau ba. Malamin aji uku zai iya kafa 'yar kasuwa a kusurwar aji da safiyar Juma'a: a yanka kwali a yi kuɗi, a zuba yashi a madadin gero da riɗi, a kawo mudu da tiya na gaske. Rukuni ɗaya ya sayar, ɗaya ya saya, na uku ya rubuta cinikin a allo. Rubutawar ita ce zuciyar aikin, domin a nan ne lissafin ka yake komawa lamba. In an bar ta, wasa kawai aka yi.

Awon ma yana da nasa darasi. Idan yara biyu suka auna tiya ɗaya, wannan ya yi tozo wancan ya shafe, sakamakon zai bambanta, kuma gardamar da za ta biyo baya ita ce ƙofar bayanin dalilin da ya sa aka ƙirƙiro kilo da lita. Haka dara: gurabunta layi 5 ne, kowane da gida 6, kuma kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12. Carafken 'yan mata kuwa ƙirga ce rukuni-rukuni.

3.0 Aikin Shuka da Matsalar Zango

Aikin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne na shuka. Yara su shuka gero da wake a gwangwani, su riƙa auna tsawon tsiro da tsinke suna rubutawa, su kuma ajiye wani gwangwanin a fili don auna ruwan sama. A yankin da ke fama da gurgusowar hamada, dashen darbejiya a harabar makaranta da raba wa yara kwanakin ban-ruwa darasi ne da ba ya buƙatar dogon bayani.

Cikas ɗin yana cikin kalandar karatu. Damina takan kankama a nan wajen watan Yuni, dogon hutu ya zo a tsakiyarta, girbi kuma ya riski yaran a sabon aji, hannun wani malami. Aikin da aka fara a aji huɗu sai ya mutu in ba a miƙa littafin awon ga malamin aji biyar ba. Wannan shiri ne na shugaban makaranta, kuma ba ya cin ko kwabo.

4.0 Inda Manazarta Hausa Suka Shigo

Malami yakan tsallaka zuwa Ingilishi a daidai inda kalma ta ƙare masa. Yana da tarawa da ɗebewa da rabawa, yana da rabi da kwata, amma da zarar an zo kashi ɗaya cikin uku ko cikin takwas sai ya koma harshen littafi, alhali sulusi da rubu'i da sumuni suna nan a bakin malaman Islamiyya wajen rabon gado. Akwai kuma 'ya'yan Fulani da ke zaune a aji ɗaya, waɗanda Hausar ma harshe na biyu ce gare su, don haka aikin hannu ya fi yi musu rana a kan dogon jawabi.

Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa tana nan cikin garin Gumel, kuma ɗalibanta suna fita koyarwar gwaji a makarantun firamare. Da za a ɗora wa kowanne ya dawo da kalmomin awo da na ciniki da na noma da ya ji a bakin yaran ajinsa, tare da jimlar da aka faɗe su a ciki, da sashen Hausa ya samu abin da zai tace ya mayar wa malaman aji ɗaya zuwa uku a ɗan littafi.