Ga Malaman Kwamfuta na Malali: Abin Yi da Abin Bari

Daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Malali har zuwa shagunan da ake yi wa yara rajistar JAMB, duk mai zaunar da yaro gaban kwamfuta ya saurara.

Kada ku jinkirta darasin amana sai makon ƙarshen zango, lokacin da hankalin kowa ya koma kan jarrabawa. Ranar da kuka koya wa ɗalibi tara bayanan mutane, ranar za ku tambaye shi: na wane ne, wa ya ba ka izini, yaushe za ka goge?

Ku karanta musu doka a aji: ta laifuffukan intanet ta 2015, da ta kare bayanan jama'a ta 2023. Lambar NIN ko BVN ta wani ba abin bari a buɗe kan teburin shago ba ce.

Kada ku cika kwamfutocin makaranta da Windows na sata, sannan ku hau wa'azi a kan sata. Yaran suna gani. In babu kuɗi, ga Linux kyauta.

Ku ba su labaran gaske, da sunaye. A Birtaniya, manhajar Horizon ta riƙa nuna giɓin kuɗi na ƙarya a rassan gidan waya. Tsakanin 1999 da 2015 aka gurfanar da mutum sama da 900 a kan wannan giɓin, wasu suka sha ɗauri, wasu suka talauce, alhali akwai waɗanda suka san manhajar na da matsala, suka ja bakinsu suka yi shiru. Wannan shirun shi ne darasin, kada ku tsaya kan kuskuren lissafi kawai. A Amurka kuwa, a 2017 aka ɗaure injiniyan Volkswagen James Liang wata 40 kan manhajar da ke yaudarar masu gwajin hayaƙin mota. "Oga ne ya sa ni" bai cece shi ba.

Kada ku yi wa ɗan Yahoo kirarin kaifin basira, ko da wasa.

Kada ku ɓata lokaci wajen haramta ChatGPT, ba za ku iya ba. Maimakon haka, ku sa ɗalibi ya faɗi inda ya yi amfani da shi, ya tsaya gaban allo ya bayyana kowane layi. In ya kasa, sifili, ko ɗan wane ne.